Mai Gardama Ta Ƙi Aure

Litinin, 3 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yaran nan biyu da na sani a hoto kawai. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke ba ni labarin hadari tun bai taso ba. Aiki na nan. Ɗakin karatu bai canza ba, sai dai masu shigowa don fanka sun fi masu shigowa don littafi yawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na gaji da wayarka ne. "Yaya, lafiya? Lafiya lau. To, sai an jima." Shekara goma sha ɗaya da tafiyarka, in aka tara duk abin da ka faɗa mini a waya ba zai cika shafi guda ba. Ita takarda ba za ka ce mata layi ya yanke ba.

Ga dalilin rubutun. Katangar baya ta tsage daga ƙasa har sama, tsagar da hannuna ke shiga. Maƙwabcinmu ya zo sau biyu da fara'a, na uku ya bar fara'ar a gida, kuma ban ga laifinsa ba, tun da ɗakin jikokinsa na jingine da katangar ta can ɓangaren. Na kira magini. Ya tona, ya nuna mini saiwa kamar cinyar mutum ta ratsa ƙarƙashin gini. Gwandar Baba ce. Ya ce in zaɓa, ko ita ko katanga.

Na tsaya na kalle ta. Shekara uku ke nan tun rasuwar Baba ba ta ba ni ɗa ko ɗaya ba. Ta yi fure, ta cika tsakar gida da ƙamshi, ta zubar, ni kuma in bi da tsintsiya. Don haka na yanke shawara: za a sare ta. Amma sai na sayi irinta na dasa a tsakiyar gida, nesa da katangar kowa, domin ban shirya mutuwa ban sake ɗanɗana ta ba.

A nan na tsaya cak. Mene ne sunanta? Mun tashi muna ce mata gwandar Baba, alhali ni da kai mun san ba ta haɗa komai da gwanda ba. Na je wurin masu sayar da dashe har uku. Na farko ya ce gwandar daji ce ta samu gata. Na biyu ya nuna mini wata mai ƙaya a jiki. Na uku ya ce duk abin da nake so yana da shi, in dai na faɗi suna. Na juye littattafan tsirrai biyar da muke da su a wurin aiki, na samu hotuna masu kama da ita, babu mai kamarta sak.

Kai ne ka yi karatun. Kai ne kake aiki a gandun renon itatuwa, kana rataya wa bishiyoyin mutane suna a wuya. Ga ganye biyu na matse a cikin takardar nan, ga hoton 'ya'yanta na shekarar ƙarshe. Ka faɗa mini sunanta. Iyakar abin da nake nema ke nan. Ban ce ka zo ba. Wannan roƙon na ajiye shi tun makon da Baba ya rasu, lokacin da na kalli ƙofa har wuyana ya ƙage.

Yayarka

Asabar, 22 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, duk muna lafiya, alhamdu lillahi. Babbar ta shiga aji huɗu, ƙaramin ya zubar da haƙori biyu. Uwarsu na gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Faɗan da kika yi mini na karanta, ba ni da bakin musu.

Ganyen ya iso a karye, amma da na shafa bayansa na ji laushin nan kamar karammiski, sai da na nemi wuri na zauna. Tsakar gidanmu ce ta fito daga ambulan.

Sunan jinsinta cerimoya. 'Yar'uwar gwandar daji ce, amma ita 'yar tudu ce mai son sanyi, shi ya sa ba a cika ganinta ba. Sai dai wannan sunan kamar in ce miki "mangwaro" ne. Akwai iri-iri, kowanne da sunansa da ɗanɗanonsa, in kika sayi wadda kika samu kika dasa, ba lallai ki sha abin da kike marmari ba. Hoton kuma ya yi duhu, ni ma na daɗe rabona da ita, ba na so in dogara da tunani. Ki tuna mini: fatar santsi ce, ko mai ƙuraje, ko mai lotsawa kamar an danna yatsa? Ƙwallaye kamar nawa ne a ɗa guda? Babban ɗanta yakan kai ina? Ɗanɗanon fa?

Abu na biyu. Baba ba ya barin komai bai rubuta ba. Littafin nan mai baƙin bango da ke cikin aljihun teburinsa na gyaran agogo, ba agogunan mutane kaɗai ne a ciki ba. Ki duba. In tana da suna, yana nan.

Don Allah kada a sa mata gatari tukuna. Ki ba maƙwabci haƙuri.

Maganar zuwa kuwa, Yaya, aiki ya yi yawa bana. Za mu yi magana.

Ƙaninki

Laraba, 9 ga Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gidanka. Lafiyata ƙalau. Ka ce wa matarka na gode, ruwan ɗumin ya fi mijinta amfani.

Na ga tambayoyinka, kamar na je asibiti. To ga amsa, likita. Fatarta ta ɓangaren rana tana lotsawa kamar an danna babban yatsa, ta wajen kara santsi ce, ta ƙasa kuma ƙuraje ne ƙanana. Ka ba ni zaɓi uku, ita ta ɗauki duka ukun. Babban ɗanta ya cika tafin Baba biyu. Ƙwallaye ban taɓa ƙirgawa ba, wa ke lissafi yana shan abu irin wannan? Kai ya kamata ka sani, tun da kai ne kake tara su a kumatu kana harbina da su ina karatu. Ɗanɗano kuwa, ka ce ayaba da abarba sun narke cikin madara, sannan can ƙarshe wani ɗan tsami ya biyo baya, kamar baƙar magana cikin murmushi.

Yanzu ga abin da ya hana ni rubutu kwana goma.

Na buɗe teburin. Tun rasuwar Baba ban taɓa shi ba. Komai na nan yadda ya bari: madubin ido ɗaya, 'yan sukurori a murfin kwalba, agoguna uku da masu su ba su dawo ba. Na ɗauko littafin na fara bi shafi-shafi. Agogon direba, an sa sabon gilashi. Agogon malamar asibiti, ruwa ya shiga. Ina karantawa ina jin muryarsa, har na fara murmushi. Sai na kai shekara ashirin da biyu baya, na ga wannan, da rubutunsa mai kwanciya:

"Mai Gardama ta ƙi aure. Karo na uku ke nan. Na haƙura, a bar ta yadda Allah ya yi ta."

Ka san wa ake kira Mai Gardama a gidan nan tun ina 'yar shekara biyar. Ka kuma san wace shekara ce wannan: shekarar da na sallami mai kantin magani.

Auta, mutumin nan bai taɓa ce mini uffan ba. Ranar da na ce ba na so, cewa ya yi, "To, Allah ya zaɓa mafi alheri," ya mayar da madubi ido ya ci gaba da aiki. Na yi shekara ashirin da biyu ina alfahari da ubana, ina cewa duk garin nan shi kaɗai ne bai ɗauke ni matsala ba. Gwaggo ta yi magana, maƙwabta sun yi, abokan aiki sun yi, na shanye, don na san akwai mutum ɗaya da na isa a wurinsa. Ashe shigar da ni ya yi cikin littafi, tsakanin agogon da ruwa ya shiga da wanda ba ya gyaruwa. "Na haƙura." Haka yake rubutawa in agogo ya gagare shi.

Kuma karo na uku! Na ƙirga: malamin lissafi, mai kantin magani. Biyu. Wane ne na ukun? Wato har wani aka kawo a bayan idona, aka ƙi shi da sunana?

Ni na yi jinyarsa shekara huɗu. Ni na aske masa gemu, ni na ɗauki kujerarsa kullum la'asar na kai masa ƙarƙashin bishiyar nan. Kai da ka yi auren da ake so, ka haifi jikokin da ake so, kana ina?

Na rufe littafin na mayar. Sunan bishiya ban gani ba, ban kuma ƙara nema ba.

Yayarka

Juma'a, 16 ga Mayu

Auta,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. In ciwo ne, Allah ya sawwaƙe. In ba ciwo ba ne, to na gane.

Mako biyar. Na kira wayarka sau biyu, ka bar matarka ta ɗauka. Tana da kirki, amma ba ta iya ƙarya ba.

Na yi magana da mai zarto, zai zo ranar goma sha huɗu ga Yuni. Ba na bukatar suna kuma. Akwai 'ya'yanta biyu da suka fito da kansu a bayan famfo, kaurinsu ya kai fensir, sun ishe ni. Ita kuwa ta sake cika da fure, kamar ta ji labari. Jiya na share kwando guda.

Ka bar wahalar amsawa in aiki ya yi yawa.

Yayarka

Lahadi, 25 ga Mayu

Yaya,

Lafiya nake, kowa lafiya. Ba ciwo ba ne. Sau huɗu na fara rubutu ina yagawa, domin duk lokacin da na kai wurin tambayarki, "kana ina?", sai alƙalami ya tsaya. Bari in fara da abin da nake da amsarsa.

Ki ajiye takardar nan, ki fita tsakar gida, ki duba jikin bishiyar daidai ƙugunki, inda ta rabu. Za ki ga tabo uku, tsofaffi, kamar an yanka an warke. Ki je, zan jira.

Kin gani? Wannan ne auren.

Yaya, ke da kike cinikin mangwaro mai aure a kasuwa duk shekara! Haka ake cewa in an yanko reshen iri mai kyau an haɗa shi a jikin wata bishiya an ɗaure. Baba daga ƙwallo ya shuka ta. Wani matafiyi ne ya kawo gyaran agogo ya ba shi ɗa guda, ya shuka ƙwallaye biyar a tsakiyar gida, babu wanda ya fito. Sai ga ɗaya ta fito a gindin katanga, inda ba wanda ya sa ta. Ranar ya ce, "Wannan Mai Gardama ce." Haka muke kiranta ni da shi in ba kya nan, don mun san abin da zai biyo baya in kin ji.

An gaya masa bishiyar ƙwallo ba ta da tabbas, shi ne ya samo reshe mai suna ya yi mata aure. Ni na riƙe masa wuƙa a karon farko, a nan na fara son aikin da nake ci da shi yau. Reshen ya bushe. Na tafi makaranta, na bar shi yana cewa zai sake. Duk shekarun nan na ɗauka wani ya kama, shi ya sa na aike ki neman suna. Sai da kika kwafo mini layin nan na gane. Babu wani na uku da aka kawo a bayan idonki. Reshe ne.

Don haka ga amsar tambayarki ta farko. Na gwada bayaninki da duk irin da na sani, na nuna wa tsohon da ya fi kowa sani a wurin aikinmu. Babu. Ba ta cikin littafi, ba ta wurin mai dashe. Duk duniya ita kaɗai ce. Biyun da ke bayan famfo 'ya'yanta ne, amma ba ita ba ne, kamar yadda ni da ke ba Baba ba ne. In aka sare ta ranar goma sha huɗu, ta tafi ke nan. Hanya ɗaya ce: a yanki reshenta lokacin da ta zubar da ganye, farkon shekara, a aura a jikin biyun nan.

Rashin 'ya'ya kuma ba fushi ba ne. Furenta mace yake buɗewa yau, gobe da la'asar ya koma namiji ya zubar da gari, ba sa haɗuwa. A ƙasarta akwai ƙwaron da ke kai saƙo, a gidanmu Baba ne. Ki duba aljihun tebur, akwai ƙaramin buroshin share agogo da 'yar kwalba. Da la'asar ki karkaɗe garin furen da ya buɗe sosai cikin kwalba, ki shafa da buroshi a cikin wanda ya ɗan buɗe baki kaɗan.

Saura tambayar da ta tsayar da ni. Lokacin rasuwar, takarduna na tafiya ne suka maƙale, wannan gaskiya ne. Bayan nan babu abin da ya maƙale. Kunyar bara ce take hana ni zuwa bana, kowace shekara tana ƙara nauyi. Ba aiki ba ne, Yaya. Ban san da wane ido zan shigo in ga kujerar nan ba.

Ki ƙarasa karanta littafin.

Ƙaninki

Alhamis, 19 ga Yuni

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiya lau, gwiwa ce kawai ke ƙorafi, don na sa ta hawan tsani.

Na fita, na ga tabon. Uku, ba ƙari. Na tsaya riƙe da takardarka kamar wadda aka kama da satar amsa. Shekara ashirin da biyar ina gyara wa mutane karatu, ina ce wa ɗalibai kada su yanke hukunci da layi ɗaya, ga ni na yi fushi da mamaci wata biyu saboda reshe. Kada ka yi dariya. In ka yi zan ji.

Na ƙarasa littafin. Shekara biyu gaba, ƙarƙashin agogon wani tela, ya rubuta: "Mai Gardama ta haifi bakwai." Da na jure na juya shafi ashirin da ban kai ka ga yaga takarda huɗu ba, don ko ni na san ban ɓoye yara bakwai a gidan nan ba. Sai layi na ƙasa: "Mun sha. Da ta karɓi auren da na yi asara. Babu irinta."

Na san bishiya yake nufi. Ka riga ka bayyana, na kuma fahimta. Amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana zaɓen sukurin da ido ba ya gani ba ya sa kalma a inda bai nufa ba, kuma ya san wa zai buɗe teburin nan bayansa. Iyakar abin da zan ce ke nan. Na yi kukan da ban yi ba shekara uku, sannan na wanke fuska na tafi aiki.

Buroshin na nan. Na san shi ma. Kullum na kai shi ƙarƙashin bishiya sai ya ce, "Je ki haɗo mini shayi, kada ki yi sauri." Ashe da na juya baya yake dafa reshe ya miƙe, mutumin da likita ya hana tsayuwa. Tsohon nan ya yi shekara huɗu yana yaudarata da shayi.

Na yi yadda ka ce. Kwana uku na farko na ɓata fure ya fi talatin, hannuna na juya shafi ne, ba na gyaran agogo ba. Yau da safe na ƙirga goma sha ɗaya da ba su faɗo ba, kore, kamar kan ɗan yatsa.

Mai zarto ya zo na ba shi shayi ya koma. Magini ya tokare katangar da ƙarfe, ya ce ƙarfen zai riƙe ta zuwa ƙarshen Fabrairu, bayan nan ba ruwansa. Maƙwabci ya janye gadon jikokinsa zuwa ɗayan ɗakin. Na yi zaton zai yi gardama, sai cewa ya yi, "In ta nuna, ki ware mini 'ya'ya biyu, manya." Ashe shi ma shekara uku yana haɗiyar yawu ta bayan katanga.

To ga inda muke. Bishiyar za ta tafi, wannan ba makawa. Za ta nuna wajen Janairu, ta zubar da ganye bayan nan. Ɗanta ba ya kwana huɗu bayan ya yi laushi, ba ya shiga ambulan. Aure kuma ba a koyar da shi ta takarda, na ga abin da hannuna ya yi wa fure, ba zan gwada shi da wuƙa a kan abin da babu na biyunsa ba. Sau uku aka kawo mata ta ƙi. Ba a taɓa gwada kai reshenta jikin wata ba.

Na ce na ajiye roƙo. Na ɗauko shi. Ka zo, Auta. Kujerar tana ɗakina, ni nake zama a kai, ba abin tsoro ba ce. Ka kawo yaran nan su harbe ni da ƙwallo. Faɗa zan yi maka, kada ka yi tsammanin wani abu daban, amma kwana ɗaya ne, in ya yi yawa biyu.

Wuƙar Baba na cikin aljihun tebur, ta yi tsatsa. Zan kai a wasa.

Yayarka

Talata, 1 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya. Na yi dariya, ki yi haƙuri.

Ki riƙa ba biyun bayan famfo ruwa, ki cire ciyawar gindinsu. Babbar 'yata ta ce in tambaye ki ko ɗakin karatunku ana ba baƙi aro.

Wuƙar kuma kada ki kai wa kowa. Masu wasa za su cinye mata baki. Ki shafa mata mai ki ajiye, ni zan wasa da kaina a kan dutsen Baba, ranar ashirin ga Janairu da la'asar. Ki haɗa shayi. Kada ki yi sauri.

Auta